Makarantar su Hanif ta ce yara su zo ƙawata rijiya, in bar shi ko in hana?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah shawara nake nema musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan da kuma malaman cikinmu. Mu a yankin Derbyshire muke, to ƙauyukan nan daga watan Mayu har wajen Satumba suna wani biki na ƙawata rijiyoyi da idanun ruwa, kowane ƙauye da nasa satin. Katako ne babba za su jiƙa shi a kududdufi ya kwana biyu yana shan ruwa, sai su kwaɓa yumɓu da gishiri su shafe shi a kai, su zana hoto, sannan a zauna ana danna ganyen fure ɗaya bayan ɗaya da 'ya'yan itatuwa da gansakuka har da ƙwayar kofi, ba fenti ko ɗigo, har hoton ya fito, sai a je a kafa shi a bakin rijiya. Bana an turo takarda wai ajin su Hanif su ma za su yi nasu allon. Shi aikin furen bai dame ni ba, abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da za a kafa, limamin coci yana zuwa da jama'a a bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana addu'a ana waƙa. Yaron kuma ya ƙwallafa rai. Ya zan yi?

Abu Sumayya:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ni dai gaskiya ban ga abin dogon tunani a nan ba, ki hana shi kawai. Wannan ai ragowar bautar ruwa ce aka saka mata rigar coci. Ki tuna hadisin Zatu Anwaɗ, bishiyar da mushrikai suke rataya makamansu a jikinta don neman albarka, da wasu sabbin musulunta suka ce Manzon Allah SAW ya sanya musu irinta ai kin ga yadda ya tsawatar. Bishiya ce ko dutse ko rijiya duk hukuncin ɗaya ne. Yaro kuma abin da ya taso yana gani shi yake ɗauka daidai.

Injiniya Sheffield:
Malam Abu Sumayya Allah ya ƙara sani, amma bari mu fara sanin me ya kawo abin tukuna kafin hukunci. Wannan yankin da Hajiya take ƙasarsa dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, in aka yi ruwan sama ba ya tsayawa a sama zurarewa yake ya shige can ƙasa, shi ya sa duk da ruwan saman Ingila da muke gani kullum ƙauyen da ke kan tudu zai iya rasa na sha in aka ɗan yi fari. Idon ruwan da ba ya ƙafewa shi ne ran ƙauye. A Tissington, wanda shi ne ƙauyen da ya fi suna a wannan harkar, rijiyoyi shida suke ƙawatawa, kuma su da kansu labari biyu suke bayarwa, wasu su ce tun annobar 1348 zuwa 1349 ce da ta share mutane su suka tsira suka danganta hakan da tsabtar ruwansu, wasu su ce farin 1615 ne da ko'ina ya bushe nasu bai ƙafe ba. Sannan a Youlgrave ana danganta nasu da 1829 lokacin da aka jawo musu ruwa cikin gari, a Buxton 1840 da aka yi musu famfon kasuwa. Wasu garuruwan ma famfo suke ƙawatawa ba rijiya ba. Mutumin da ya ƙawata famfo don murnar an kawo ruwa ban ce bauta masa yake ba.

Abu Sumayya:
To Injiniya in godiya ce ai sai a gode wa Allah, me ya kawo jera fure a bakin rami

Ɗan Wusasa:
Sannunku 'yan uwa, ni Kirista ne ɗan Angilikan kuma na taɓa halartar irin wannan sujadar, bari in faɗi abin da ake cewa a wurin don kar a yi ta zato. Ba a roƙon rijiya. Ana karanta Zabura, a yi waƙa, fada ya gode wa Allah da ya ba da ruwa, a wuce ta gaba. A Tissington ranar tunawa da hawan Almasihu sama ake yi, kullum Alhamis take faɗowa. Hotunan ma yawanci labaran Littafi Mai Tsarki ne, kodayake yanzu za ka ga na tsuntsaye, na sojojin da suka mutu a yaƙi, na ma'aikatan asibiti. Amma ba zan ɓoye ba, abin da Malam yake tsoro shi ma coci ya daɗe yana tsoronsa, mu ma a cikinmu akwai waɗanda ba sa zuwa irin wuraren nan sam.

Baba Malam Daura:
Yarana duk kun yi magana mai kyau. Abin da Ɗan Wusasa ya taɓo shi ne gindin maganar, ku ba ni dama in ɗan ja. Kafin Kiristanci ya kafu a can mutanen suna girmama ruwa girmamawa ta bauta, wannan ba ja-in-ja. A arewacin Ingila kusa da ganuwar da Sarkin Rum Hadrian ya gina akwai rijiyar wata abar bauta da suke kira Coventina, da aka tona ta a 1876 an kwaso tsabar kuɗi sama da 13,000 da mutane suka riƙa jefawa. To da masu wa'azi suka zo, a shekara ta 601 Fafaroma Gregory ya aika wa mutanensa takarda cewa kar su rushe wuraren bautar mutanen, gumakan kawai za a fasa, a tsarkake wurin a mai da shi na coci, don mutane sun saba zuwa. Rijiyoyi da yawa haka aka laƙaba musu sunan waliyyai. Amma hankalin manyan bai kwanta ba, shi ya sa Sarki Cnut na Ingila wajen 1020 ya sa a dokarsa cewa haramun ne bautar rijiya da dutse da bishiya, sannan a 1102 taron malaman coci a Westminster ya ce kar wanda ya ƙara girmama rijiya sai da izinin bishop, wato babban limamin coci na yankin. Ai ba a yin doka a kan abin da ba a aikatawa. Sai kuma zamanin Sarki Henry na 8, a 1538 aka turo wani Sir William Bassett garin Buxton ɗin nan na kusa da ke Maman Hanif, ya kwashe sandunan guragu da rigunan da mutane suka rataya a rijiyar St Ann don shaidar sun warke, ya ɗauke gunkin waliyyiyar da ke wurin, ya kulle wurin. Shekarun da ba su kai arba'in ba sai ga Sarauniya Mary ta Scotland ana kawo ta Buxton ɗin tana shiga ruwan saboda ciwon gaɓoɓi. An kulle an buɗe, an hana an dawo, fiye da shekara dubu suna wannan rigimar da kuke yi yau a zauren nan.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Baba wlh wannan rijiyar ta St Ann nan muke cika jarkoki in mun je Buxton, ruwan ta bakin kan zaki na tagulla yake zubowa dare da rana kuma da ɗumi yake fitowa ko da sanyi ake zubawa, layi ake yi, Turawa da Indiyawa da kowa. Ban taɓa kawo komai a raina ba ni dai na ga ruwa mai daɗi kyauta. Yanzu shi ma ya zama matsala kenan?

Injiniya Sheffield:
Haba Hajiya, ruwan nan fa shi ne dai na yankin da ake ɗurawa a roba ana sayar miki a shago da sunan Buxton. Ɗumin kuma wajen digiri 27 ne, saboda daga can ƙasa mai nisa yake tasowa, kamar dai Wikki na Yankari. Ba waliyyi ne yake ɗumama shi ba.

Abu Sumayya:
Shan ruwa daban neman tabarruki daban, ni ban ce ruwan haramun ne ba. In ta ɗiba don ƙishirwa ko shayi ba komai. In ta ɗiba da niyyar wai akwai albarkar wata waliyyiya a ciki nan ne aka faɗa. Ruwan da nassi ya tabbatar masa da wannan darajar Zamzam ne.

Hajiya Bristol:
Ni fa duk wannan na Derbyshire da kuke faɗa wasan yara ne, ku zo nan kudu maso yamma ku ga abu. A Glastonbury akwai Chalice Well a gindin tudun nan mai hasumiya a kai. Ruwan da tsatsa yake fitowa, duk dutsen da ya bi sai ya mai da shi ja, in ka kurɓa kamar ka tsotsi ƙusa, sinadarin ƙarfe ne ya yi masa yawa. To labarin da suke bayarwa wai Yusufu mutumin Arimatiya ne ya zo da ƙoƙon da Annabi Isa AS ya yi cin abincin ƙarshe da shi ya binne a nan shi ya sa ruwan ya yi ja. Wata gidauniya ce take riƙe da wurin tun 1959, lambu ne mai kyau ƙwarai da tsabta, ruwan bai taɓa yankewa ba ko a shekarun fari, lita sama da 100,000 yake zubarwa a rana. Amma masu zuwa yanzu yawancinsu ba 'yan coci ba ne, wasu ne da suke cewa su sun koma addinin kakanni, za ki ga mace da digirinta da motarta ta cire takalmi ta zauna bakin murfin rijiyar ta rufe ido tana hawaye, wani ya jera 'yan duwatsu masu ƙyalli yana wanke su wai su ɗau ƙarfin ruwan. Ni abin da ya riƙa ci min rai shi ne kakanninsu ne suka zo ƙasarmu suka rubuta littattafai a kan bori da camfin baƙar fata, ga shi a tsakar gidansu har tikiti ake yanka.

Ɗan Maraɗi:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da ke raina. In mu ne aka gani muna ɗaura tsumma a tsamiya sai a ɗauko kamara a ce duhun kai, in su ne sai a ce al'adar gargajiya a sa a littafin 'yan yawon buɗe ido

Hajiya Bristol:
Ai tsumman ma suna ɗaurawa ɗan'uwa! A Cornwall kusa da Penzance akwai rijiyar Madron, hanya ce siririya cikin kurmi ga taɓo, kafin ka kai kangon ɗakin ibadar za ka tarar da bishiya ta sha tsummokara kala kala. Asalin abin wai ka yagi ƙyalle daga rigarka ka tsoma a ruwan ka goga inda ke maka ciwo ka ɗaure a reshe, yadda ƙyallen yake ruɓewa haka ciwon zai tafi. To yanzu mutane leda da ribon na roba da abin ɗaure gashi suke ratayawa waɗanda ba sa ruɓewa, masu kula da wuraren har roƙo suke a daina don yana shaƙe rassan. Can wajen Liskeard kuma akwai ta St Keyne, wai miji da mata duk wanda ya riga shan ruwan bayan ɗaurin aure shi zai juya gidan. A Altarnun kuwa da can masu taɓin hankali ake kaiwa a hankaɗa su cikin ruwan sanyi a yi ta dulmiya su har su galabaita sannan a kai su coci a yi musu addu'a, wannan kam duk lokacin da na tuna sai tausayi ya kama ni, mutum yana fama da lalura a ƙara masa da azaba.

Ɗan Wusasa:
Hajiya don Allah a riƙa bambancewa dai, masu wankin duwatsu na Glastonbury ba mu ba ne, yawancin malaman coci ba su yarda da abin da suke yi ba. Namu na Angilikan da aka sani shi ne Walsingham a Norfolk, an rushe wurin ibadar da ke can a 1538, da aka zo sake ginawa a 1931 aka ci karo da tsohuwar rijiya a wurin tonon harsashi, har yau ana ba masu ziyara su kurɓa a shafa musu a goshi a zuba musu a hannu. Ko shi ɗin akwai Kiristocin da suke zuwa ranar babban taro su tsaya da alluna suna cewa wannan bautar gumaka ce.

Baba Malam Daura:
Ɗan Maraɗi da Hajiya Bristol, haushinku na gane shi kuma yana da dalili. Amma ni da na tashi a Daura akwai abin da nake kallo dabam. Rijiyar Kusugu tana nan, kowa ya san labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya kashe shi. Yau an kewaye ta an yi mata gini, baƙi suna zuwa a ɗebo musu da guga su sha, akwai mai sha don tarihi akwai kuma mai tafiya da shi gida a gora da wata niyya a zuciyarsa, Allah ne ya san ta kowa. Ba wanda ya ce a cike Kusugu saboda na biyun, wa'azi ake masa. Abin da ya burge ni da mutanen can shi ne ƙauye mai mutum ɗari biyu ya san rijiyarsa, ya san shekarar da ta cece su, duk shekara a share ta a gyara bakinta a kawo yara su ji labarin. A Eyam nan Derbyshire, lokacin annobar 1665 zuwa 1666 mutanen garin suka killace kansu don kar su kai wa maƙwabta cutar, wajen mutum 260 suka mutu, a bakin wata rijiya ta bayan gari ake ajiye musu abinci su kuma su bar kuɗin cikin ruwa da binega. Rijiyar tana nan da sunan limaminsu Mompesson. Yaron da aka kai nan aka ba shi wannan labarin ba shirka aka koya masa ba. Mu rijiyoyi nawa kakanninmu suka haƙa da hannu da suka raya unguwanni, da borehol ya zo muka mai da su bola?

Abu Sumayya:
Baba Allah ya ƙara girma, ban ƙi ta taku ba a kan tarihi da tsabta. Amma kun ga ku da kanku kun faɗa, sarakunansu sun yi doka sun kulle abin ya dawo. Haka shirka take, ba ta shigowa da sunanta, da sunan girmamawa take shigowa. Mutanen Annabi Nuhu ma ai da tunawa da salihan bayi aka fara.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai da gaske, kowa Allah ya saka. Mun yi magana da Abban Hanif mun tsaya a kan zai yi aikin furen da 'yan ajinsu tunda zomo da bishiya za su zana ba wani annabi ba, ranar zagayen addu'ar kuma ba zai je ba, na rubuta wa malamarsu ta ce ba matsala akwai wasu iyayen ma da suka ce haka. Shi kuma na zaunar da shi na gaya masa wanda ya saukar da ruwan shi ake gode wa.

Abu Sumayya:
Ni dai da nawa ne ba zai taɓa ko furen ba, amma tunda kun cire shi daga addu'ar Allah ya tsare mana imaninmu da na zuri'a

Injiniya Sheffield:
Amin. Wani abu da nake so in ja hankali tunda na ga mutane sun fara tambayata a gefe ina ne wuraren, don an ce rijiya mai tsarki ce ba yana nufin ruwan yana da tsabta ba. Yawancin na ƙauyukan nan a cikin gonaki suke, tumaki da shanu na kiwo a sama, in aka yi ruwa mai yawa kashinsu yana iya sauka ciki. A tsaunukan Malvern inda ruwansu ya yi suna har likitoci suka buɗe gidajen magani da ruwa a 1842, har Charles Darwin ya je jinya, yanzu hukuma cewa take a tafasa kafin a sha. A Bath kuma tun 1978 aka hana shiga tsohon wurin wankan Romawa bayan wata yarinya ta kamu da sanƙarau daga wata ƙwayar cuta da ke cikin ruwan ta rasu. Mu ma kar mu ce ba ruwanmu, hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta sha gargaɗi a kan ruwan da ake sayarwa a shaguna da sunan Zamzam, Saudiyya ba ta yarda a fitar da shi don kasuwanci ba, an gwada wasu an sami guba a ciki. Wanda alhaji ya riƙo miki daga can daban, na kan kanta a shago ki bar shi.

Hajiya Bristol:
Bath ɗin nan ku daure ku je ko don ilimi. Ruwan digiri 46 yake fitowa, sama da lita miliyan ɗaya a rana, da sanyin safiya har tururi yake. Abin da ya fi tsaya min shi ne 'yan fallayen dalma da aka tsamo daga cikin maɓuɓɓugar wajen 130, mutane ne suka rubuta ƙara zuwa ga abar bautarsu Sulis Minerva suka nannaɗe suka jefa, kuma yawanci a kan sata ne, an ɗauke wa mutum riga yana wanka, an ɗauke zobe, an ɗauke 'yan kuɗi. Akwai wanda safar hannunsa guda biyu aka sace ya roƙa ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Talakawa ne ba su da mai tsaya musu, kusan shekara dubu biyu ga rubutun hannunsu a cikin gilashi kana kallo.

Ɗan Maraɗi:
To wacce ake cewa ita ce babbarsu duka, ta St Winefride, ita a ina take?

Ɗan Wusasa:
Wannan a Wales take ba Ingila ba, garin Holywell, amma ba nisa daga Chester. 'Yan Katolika ne suke riƙe da ita kuma har yanzu ana shiga ruwan. A 1917 masu haƙar ma'adinai suka fasa hanyar ruwan a ƙarƙashin dutse ta ƙafe, sai da aka jawo mata ruwa daga wani wurin.

Ummu Khairat:
Hajiya Bristol mu muna Cardiff, in Allah ya kai mu hutun yara muna so mu zo Glastonbury ɗin mu hau tudun, da yara ƙanana uku, wurin ya dace da su?

Hajiya Bristol:
Ya dace Ummu Khairat, tudun dai akwai iska sosai a sama ki riƙo musu rigunan sanyi ko da rani ne, kuma keken jariri ba zai hau ba matakala ce, goyo za ki yi. Lambun Chalice Well ana biya a ƙofa kuma akwai ɓangaren da ba a son hayaniya sai ki ja musu kunne. In ruwan kawai kike so ki ɗanɗana akwai bututu a jikin katanga ta waje a kan layin kyauta. Amma ɗayan ginin da ke tsallaken layin, na farin ruwa da suke kira White Spring, kar ki shiga da yara, ciki duhu ne sai kyandirori kuma an yarda mutane su yi wanka ba kaya. Ki yo min magana kwana biyu kafin ku taso in duba ranakun aikina, in ina gida sai ku biyo ta Bristol ku ci abinci mu tafi tare.